Ƙafar Hagun Ishraq

Mozammel Mridha ya yi shekara talatin da ɗoriya yana koyar da Fiziks a wata kwaleji a Mirpur, wata unguwa a birnin Dhaka. Duk wanda ya zauna ajinsa ya san ba ya ba da maki a kan amsar da ba a nuna hanyarta ba, ko da daidai ce. A wani ƙauye na yankin Barisal aka haife shi, kogi ya cinye gidansu yana yaro, ya zo Dhaka da akwatin ƙarfe guda. Ya auri Nilufar, suka daɗe ba haihuwa, sannan Allah ya ba su Ishraq, daga shi kuma ba ƙari.

Ishraq ya karanta injiniya don uban ya ce ya karanta, ya yi kiɗa don shi ya so. Ganguna yake bugawa a wata ƙungiya ta samari huɗu, irin kiɗan metal ɗin nan mai nauyi da mawaƙi ke gurnani kamar sa a mayanka, waƙa ɗaya ta kai tsawon huɗubar Juma'a tana sauya taki ba sallama. Gidan hayarsu a hawa na huɗu yake, ba ya ɗaukar ganguna, don haka a kan faifan roba yake koyo a ɗakinsa, hannu biyu da sanduna, ƙafa biyu a kan abin takawa. Mozammel bai taɓa son kiɗan ba, bai kuma ɓoye ba. Amma shekara da shekaru yana duba takardun ɗalibai a teburin cin abinci, ruwan kofinsa na rawa saboda ƙafafun ɗansa, maƙwabcin ƙasa na dukan silin da sandar tsintsiya.

Daminar bara zazzaɓin dengi ya kama Ishraq, sati bai cika ba aka kai shi makwancinsa. Faifan waƙoƙin da suka gama ɗauka kafin ya kwanta ya fito bayan 'yan watanni.

Daga nan Mozammel ya ɗauki wata al'ada. In ya dawo daga sallar asuba sai ya sa tabarau, ya buɗe wayar Ishraq, ya karanta abin da masu sauraro suka rubuta a ƙarƙashin faifan a intanet. Wani ya ce waƙa ta uku ta hana shi aiki yini guda. Wani ya ce mawaƙin ya nemi maganin tari. Wata daga garin Sylhet ta ce ita a wajenta, a nan aka fara ganin ƙasar ta girma. Yana karantawa kamar takardun jarrabawa, ba ya tsallake ko ɗaya.

Sai wani mai suna Sarkin Kabari ya rubuta: "Ku daina yaudarar kanku. Gangar nan na'ura ce. Ba ƙafar mai cin shinkafa da za ta yi wannan gudun. Sun liƙa sunan mamaci ne don ku ji tausayi."

Kafin sati maganar ta zama gaskiyar gari. Har masu yabo suka koma cewa faifai ya yi kyau, na'urar ma ta yi ƙoƙari.

Mozammel bai taɓa rubutu a intanet ba. Ranar ya rubuta: "Ni ne mahaifinsa. Shi ya buga." Aka yi masa ta'aziyya da ladabi. Wani ya ƙara da cewa, "Kawu, Allah ya jiƙansa, amma kai kana cikin situdiyon ne?"

Ba ya ciki. Wannan ita ce ta tsaya masa a wuya, don tambayar daidai take.

Ya hau rikisha, keken haya mai ƙafa uku, zuwa unguwar Moghbazar, inda situdiyon yake a bayan wani shagon tayoyi. Ya tarar da mai wurin, Sajal Gomes, da mai jitar ƙungiyar, Tahmid, wanda kowa ke kira Gittu saboda gajartarsa. Suka miƙe, Gittu ya taka sigarinsa da sauri, Sajal ya aika a kawo shayi.

"Tambaya ɗaya na zo da ita," in ji Mozammel. "Shi ya buga ko ba shi ba?"

"Shi ya buga, Kawu," in ji Sajal. "A kujerar can. Har rigarsa yake cirewa yana matse gumi a kan kafet ɗina."

"To me ya sa suke cewa na'ura?"

Sajal ya sosa ƙeya. "Don na yi masa guga. In ya buga, sai in bi bugun ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, wanda ya yi gaba in dawo da shi, wanda ya makara in tura shi. Sannan in cire ƙarar gangar in sa wadda ta fi tsabta. Kowa haka yake yi, har Turawan da suke bauta wa. Wannan gajeren ma wata guda na yi ina wanke masa jita."

"Ƙarya kake, Yaya Sajal, sati biyu ne," in ji Gittu.

"Sati biyu na farko kuka nake."

Gittu ya yi dariya, ya tuna gaban wanda yake, ya haɗiye ta.

Mozammel ya ce, "Ke nan abin da ke cikin faifan, lokacin ba nasa ba ne, ƙarar ma ba tasa ba ce."

"Tunanin nasa ne, Kawu. Shi ya tsara kowane bugu."

"Na asalin yana nan?"

Yana nan. Sajal ya kunna waƙa ta uku, ganga zalla. Mozammel ya zauna da hannuwa a kan gwiwa. Bai san kiɗa ba, amma ya san wannan. Ga gaggawar nan da Ishraq ke yi in ya ji daɗi, kamar yadda yake cin abinci. Can wajen ƙarshe ƙafar hagu ta fara ja da baya, ta dama na gudu tana binta da ƙyar. Da aka gama sai aka ji sanda ta faɗi, aka ji muryarsa yana zagin ƙafar da wata kalma da bai taɓa faɗa a gida ba.

"Wannan za ku saka," in ji Mozammel. "Kowa ya ji."

Gittu ya ce, "Kawu, don Allah kar ka sa mu. Shi da kansa ya zauna nan yana cewa a gyara. Ya ce in wani ya ji hagun nan zai bar garin. Ka bar su su yi ta haushi, gobe wani faifan zai fito su manta."

"Su manta a kan cewa ba ya cikin faifan," in ji Mozammel.

"Mu mun san yana ciki."

"Ku huɗu ne. Yanzu ma uku."

Shayin ya zo, ya huce a kan tebur.

A gida Nilufar tana tsince shinkafa ya gaya mata. Ba ta ɗago ba.

"Baban Ishraq, yaron nan ko rigar da ta yamutse ba ya fita da ita. Kai ka sani."

"Suna cewa ƙarya aka yi da sunansa."

"Su wa? Ka san fuskar ko ɗaya? Yana raye ka ce hayaniya ce, yanzu kuma kai ne lauyanta."

Washegari ya kira Sajal ya ce shi ne magajin yaron, kuma ya yanke a saka na asalin.

Aka saka. A kwana biyun farko Mozammel ya samu abin da ya nema: ba wanda ya sake cewa na'ura. Wasu ma suka ce wannan ya fi rai. Amma 'yan kaɗan ne. Sauran suka zauna da kunnuwansu kamar masu binciken gawa, suna nuna daidai inda hagun ta gaji. Wani ya yanko wurin ya haɗa da hoton akuya mai ɗingishi. Sarkin Kabari ya rubuta: "To yanzu kun ga dalilin da ya sa aka nemi na'ura." A cikin masu wannan kiɗa, in mutum ya kasa a ƙarshen waƙa sai a ce ya yi hagun Ishraq. Da ƙungiyar ta ɗauki sabon makaɗi, aka yi ta taya su murna. Gittu, wanda da yake zuwa duk Juma'a ya ci kifi da shinkafar Nilufar, ya daina zuwa.

Wata ranar Talata Mozammel ya je kantin magani karɓo wa Nilufar na hawan jini. Mai kantin, wani mai gemu da bai wuce talatin ba, ya ga sunan a takardar likita, ya dube shi.

"Malam, kai ne mahaifin Ishraq Mridha?"

"Ni ne."

"Ni ma ina ɗan taɓa ganga. Tun da faifan ya fito nake faɗa da mutane a kansa, har aka kore ni daga wani zaure na intanet. Ina ce musu mutum ne, ɗan Mirpur ne, na taɓa ganinsa a kan babur." Ya naɗe maganin a takarda. "Kullum in na rufe kanti tsakar rana waƙa ta ukun nan nake koyo. Ina cewa tunda shi ya iya, ana iyawa."

"Yanzu fa?"

"Yanzu na san ba a iyawa. Na sayar da abin takawar." Ya miƙo ƙullin da hannu biyu. "Mu da muka yarda muna da yawa, Malam. Ba ma rubutu ne kawai."

Mozammel ya karɓa. Ya ce, "Amma shi ya buga."

"Shi ne, Malam. Ai yanzu ba mai musu."

Ya fito bakin titi. Wani mai rikisha ya tsaya yana tambayar ina za shi, ya ɗaga masa hannu ya wuce, ya kama hanyar gida a ƙafa.