Malam Hamidu Mai Raga da Sandunan da Aka Ajiye a Ciyawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin cunkoson motocin safiya, na baro Germantown zan tafi aiki, Nasiru ɗan Malam Hamidu ya kira ni. Da Turanci ya fara, murya ta karye, ya ƙarasa da Hausa: "Baba Likita, Baba ya rasu." Na gangara gefen titi na kashe mota. Na gaji da irin wannan kira. Kowace shekara sahunmu na tsofaffin zuwa ƙasar nan ƙara giɓi yake yi.

Malam Hamidu mutumin Gaya ne ta Nijar, ɗan masunta, wanda ya iya saƙar taru tun kafin ya iya karatu. Direban bas aka ɗauke shi a ƙungiyar lakros ta jami'armu, ni kuwa likitan 'yan wasan. Wasa ne na sanda mai 'yar raga a kai, a cafe ƙwallo, a ruga, a jefa. Wata rana ya ga ragar sandar wani ɗan wasa ta saki, ya karɓa, ya warware ta, ya sake saƙa ta da ƙullin kogi. Tun daga ranar babu sandar da ta shiga fili ba ta bi ta hannunsa ba.

Ya riski ƙungiyar tana atisaye a filin taɓo, ana lallasa ta gida da waje. Ya ga shekarun da ta miƙe, har kofuna suka jeru a zauren wasanni, hotuna suka rufe bango, shi kuwa ba ya cikin ko ɗaya. Yakan ce: "Likita, ku ci kuke kallo, ni raga nake kallo." In ya lura da mai garaje sai ya ce: "Zan zurfafa masa ita, ta riƙe ƙwallon har hankalinsa ya iso." Ni ma ban tsira ba: "Kai ka ɗaure gwiwa ta kwance, nawa ƙullin ka taɓa ganin ya saki?"

Ranar jana'iza tsofaffin 'yan wasan suka cika maƙabarta, wasu har da furfura, kowa da sandarsa. Al'adarsu ce su yi layi biyu, su ɗaga sanduna, wanda suke girmamawa ya wuce ta ƙarƙashi. Haka suka so yi wa makara. Yayan marigayin, Alhaji Sule, ya ja ni gefe: "Likita, gawa ce ko amarya? Gaya musu nan ba filin wasan balo ba ne."

Gaskiyarsa. Amma zuciyata ta yi nauyi, kada mutanen da ya yi wa hidima rabin rayuwarsa su koma gida korarru. Na je wurin tsohon kyaftin ɗinsu na yi masa bayani. Idonsa ya ciko, ya tambaye ni to me za su iya yi masa. Na kai maganar ga liman, ya dube su, ya ce: "Sun iya riƙe shebur?"

Suka ajiye sandunan a ciyawa, suka bi layin masu zuba ƙasa a kabari. Alhaji Sule ya daɗe yana kallonsu, sannan ya miƙa wa kyaftin shebur ɗin da ke hannunsa: "Ungo, ɗana. A hankali, ƙanena ne."

A hanyar komawa waɗannan baitoci suka zo mini:

Hannun da ya saba ƙulla zare,
Yau ya huta, mu muke da gajiya.

Allah Ya jiƙan Malam Hamidu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata makwancinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba matarsa Hajiya Rabi da Nasiru da ƙannensa juriyar wannan rashi, Ya zama gatansu a wannan nisan gida. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.