Garmar Aro

Shekarar da damina ta yi mana rowa karo na biyu a jere, babu abin da ya rage a gidanmu na Unguwar Lalle da za a kira dukiya sai garmar shanu ta mahaifina. Shanun noman kansu mun ba wani Bafillatani, aminin Baba, ya yi kudu da su neman ciyawa. Garmar na kwance a gindin rumbu, rumbun kuwa ko ɓera ya daina leƙa shi.

Da damina garmar nan ba ta cika kwana a gidanmu ba. Baba bai iya cewa a'a ba. Duk wanda ya yi sallama ya ce aro, sai ya ce ɗauka. Inna ta yi mita har ta gaji, tana cewa garmar ta fi ta sanin gidajen unguwa.

Wata safiya muka tashi babu ita. A lokacin sana'ar 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, ta yi ƙarfi, domin yunwa ta mai da kowane ƙarfe abinci. Mutane na sayar da tsofaffin tukwane da gadaje, wasu kuma na sayar da abin da ba nasu ba. Har hannun famfon unguwarmu an taɓa kwancewa. Baba ya tsaya yana kallon shatin da garmar ta bari a ƙasa. Ni kam tsoro ya kama ni ƙwarai. Ina da mata da ɗa, kuma na san in ruwa ya sauka babu garma, gonarmu ba za ta nomu da hannu a kan lokaci ba, mu sake cin wata shekarar yunwa.

Akwai wata doka da hukuma da sarakuna suka kafa saboda irin wannan sata. Mai sayen ƙarfe ba zai saya daga wanda bai sani ba. Abin da ya saya kuma sai ya baje shi a fili har kasuwa ta ci ta sake ci, kafin ya farfasa ko ya loda a mota. Wanda ya ga kayansa ya kawo shaidu ya karɓa. Da aka yi shelarta mun ɗauka surutu ne kawai.

Ranar kasuwar Sabon Birni na goya Baba a babur muka tafi filin 'yan gwangwan. Sai ga garemani a jere, duk fentinsu ya koɗe iri ɗaya, domin masu su da yawa da kansu suka sayar da su. Baba ya nuna tasa. Mai filin, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce, "Malam, kowa yaz zo nan cewa yakai tashi ta. Da mi kash shaida ta?"

Baba bai taɓa yi mata alama ba.

Ashe labari ya zaga kasuwa. Maƙwabcinmu mai sayar da gishiri ya kutso, ya dafa garmar ya ce, "Wagga ta. Ku duba hannun hagu, a karkace ya ke. Ni nal lanƙwasa shi, nam miƙe shi da dutse, ban hwaɗi ba." Bai rufe baki ba wani ya durƙusa ya nuna ƙusar tayarta, ya ce daga kekensa ya ciro ta, ranar da ya ɓatar da ta ainihin a gona. Sai ladanin masallacinmu, mutumin da ko tari ba ya yi da ƙarfi, ya sunkuyar da kai ya ce a juya ta, akwai walda a ƙarƙashi. Shi ya tsaga ta, ya kai ta garin Isa a ɓoye aka liƙe.

Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ashe ku aka kashe min garma shekara da shekaru, ni ina ta ganin laihin maƙeri."

Mai filin ya yi dariya har da hawaye, ya ce mu ɗauki kayanmu. Ya ja Baba gefe ya raɗa masa wanda ya kawo ta. Baba ya ce a bar maganar, yunwa ce. Har ya rasu bai faɗa mana ko wane ne ba.

Damina ta gaba ta sauka da albarka, shanu suka dawo, muka nome gonarmu tas. Farin cikin da na yi ranar ban taɓa yin irinsa ba. Washegari da sassafe aka yi sallama, mai gishiri ne ya zo aro. Baba bai kai ga buɗe baki ba Inna ta amsa daga bakin murhu.

"Ɗauka," in ji ta. "Amma in ka ɓalla wani abu, ka riƙe wurin da kyau. Wata rana za mu neme ka."