Mai Ɗori da Ɓarawon Kan Tsani

Kawuna mai ɗori ne, kuma a shekara talatin da ya yi yana haɗa ƙashin mutane, fim ɗaya tak ya yarda a kunna a ɗakin aikinsa. Tsohon fim ne na barkwanci. Wasu ɓarayi uku, dogo da gajere da mai tumbi, suna son sace akwatin ƙarfe daga bene, ɗan sanda yana bin su yana afkawa cikin kwata. A mari wannan, a tura wancan, wando ya zame.

Ba don nishaɗi yake kunna shi ba. Kayan aiki ne, kamar karare da tsumman ɗauri. Wanda ya karye yakan ɗaure jikinsa tamau don tsoro, ƙashi kuwa ba ya komawa mazauninsa a jikin da ya sandare. Sai Kawu ya zaunar da mutum a benci yana fuskantar talabijin, shi kuma ya ba talabijin ɗin baya, ya riƙe hannun yana shafawa, yana jira. Akwai inda mai tumbi yake saukowa a tsani da akwatin a ka, tsanin ya rabu da bango, ya tsaya cak a iska, sannan ya tafi da shi ƙasa. Ban taɓa ganin wanda ya kai nan bai tuntsire da dariya ba. Da jiki ya saki, sai Kawu ya ja. Kafin ka ce wayyo an gama.

Shi kam ko murmushi ba ya yi. In an tambaye shi yadda ya ga fim ɗin, amsarsa ɗaya ce: "Ya yi kyau, sai dai akwai gawa a ciki." Mu duk mun ɗauka zolaya ce, don Kawu mutum ne da zai yi maka ba'a fuska a murtuke.

Ina da 'ya'ya uku lokacin da santsi ya kwashe ni a ƙofar shagon ɗinkina, wuyan hannu ya karye. Na san dabarar sarai, na rantse ba zan yi dariya ba, amma tsani na tafiya na ƙyalƙyale. Bayan ya gama ɗauri, ɗakin babu kowa, rana tsaka, sai ya tura ƙofa ya zauna.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "ƙarar faɗuwar nan da kuke ji ta ganga ce da faranti, masu fim ne suka saka ta. Amma a ƙarƙashinta akwai wata 'yar ƙarama. Ba ta hannu ba ce, ba ta ƙafa ba." Ya taɓa ƙeyarsa. "Wanda ya yi wannan ƙarar ba ya tashi."

"Haba Kawu! Ai ya tashi, har ƙarshen fim yana gudu."

"Wani ne ya tashi. Na farko kafaɗarsa ta hagu a sauke take, tsohuwar karaya ce da aka yi wa mugun ɗori. Na biyu kafaɗunsa daidai suke. Kuma me ya sa daga nan suka kifa masa bokiti a ka, ba a sake ganin fuskarsa ba?"

Ashe tuni ya gaya wa matarsa, ta ce ya rage shan shayi. Ya gaya wa babban ɗansa, ya ce Baba hutu yake bukata. Ni ma dariya ce ta taso mini, amma da na ga wannan karon ba ba'a yake yi ba, sai ta koma.

"Shekara talatin ina cin abinci da wuyan bawan Allahn nan," in ji shi, "ko sunansa ban sani ba. Duk jan da na yi, ina roƙa masa gafara a zuci. To kunnen hagu ya tafi, na dama yana haɗa kaya. Jiya na saurara, ban ji ba. In na daina ji, babu sauran wanda ya san ya mutu. Sai dariya kawai."

Ya mayar da kaset ɗin baya, ya ce in rufe ido. Ganga da faranti na ji. Ya sake, ya kuma sakewa. Tausayinsa ya kama ni har na yi niyyar yi masa ƙarya, amma wanda yake karanta ƙashi ta cikin fata ba a yi masa ƙarya da fuska. Sai ya ɗora yatsana a kan ɗaurin hannuna.

"Da kika faɗi ɗazu kin ji ƙarar ƙashinki. Nemi ƙanwarta."

A karo na biyar na ji ta. 'Yar ƙarama ce, kamar an taka busasshen kara a ɗaki na gaba. Bayanta kuma wani gajeren numfashi ya fita, bai koma ba. A waje mai gyaran babur yana ta buga ƙarfe, mata suna wucewa suna hira, ni kuwa sanyi nake ji har cikin haƙora.

Kawu bai tambaye ni ba, fuskata kawai ya duba. Ya mayar da kaset ɗin farko, ya juya kujerarsa, ya fuskanci talabijin. Ya kalli fim ɗin tun daga shigar ɓarayi, kuma da tsani ya rabu da bango ya fashe da dariya, yana dukan cinya, hawaye na zuba. Wallahi dariyar nan ta fi ƙarar ba ni tsoro.

Bai cika shekara ba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Yanzu yarana a waya suke kallon fim ɗin, ina kan keken ɗinki ina jin su suna shewa. Ko keken na gudu sai na ji 'yar ƙarar nan, in tsayar da ƙafa in yi wa mutumin addu'a. Kwanan nan na kama kaina ina lura da su ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda ya fi kaifin kunne.