Takardun Mushe Grema

Ku cinka mini wannan: wace tsohuwa ce ta rabar da littafi shafi-shafi a kasuwa, ba ta karanta ko layi ɗaya ba?

Ranar Talata, 12 ga Maris 2002, Allah ya karɓi ran Mushe Grema, wato Malam Grema, malamin Ingilishi a kwalejin Diffa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Grema, angona na wasa, ka tafi ba sallama. Na tuna zuwanka na fari da littafin Ingilishin da aka aiko wa makarantarku, kana nuna mini hoton jirgin ƙasa da ƙanƙara, kana cewa, "Kaka, yaron da bai wuce Geskeru ba, me zai kama a nan?" Ka zauna kan tabarmata shekara biyu. Ina ba ka labarin masunta da ban-ruwan tattasai a bakin kogin Komadugu, kana mayarwa Ingilishi mai sauƙi. Wanda ya yi wa yara tsauri ka soke, wanda ya ba su dariya ka ajiye. Ina tsokanarka wai ka zo zance ba ko goro.

Littafin da ka haɗa kwafi ɗaya ne, da rubutun hannunka. Ka ara wa Bushra, ɗalibarka, ta yi shirin jarrabawa. Tsohuwar gidansu ta ga takarda fes, ranar kasuwa ta ƙunshe garin tattasai da ita kaf. Da ka zo nema, ta ce akuya ta cinye, har ta nuna maka akuyar.

Matarka Ramla ce ta gaya mini a zaman makoki: a makon da littafin ya ɓace ta sayo yaji, ka warware ƙunshin, ka ga rubutunka ya yi ja. Ka hana ta magana. Ka sayi sabon kaye, littafin rubutu, ka soma daga farko, kuma ba ka daina durƙusa wa tsohuwar nan ba. Shekara huɗu tana zaton ta tsira. Ba ta nemi gafararka ba, yanzu kuwa ba hanya.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ramla, da yaranki, da ɗalibansa duka, Allah ya ba ku haƙuri. Ku yafe a madadinsa in kun iya.

Tsohuwar nan ni ce, Ya Fanna mai tattasai, kakar Bushra.