Ledar Da Ta Shaƙe Mana Mota A Hanyar Gidigir

Muna idar da sallar asuba muka bar Gure a tsohuwar motata bashe, mai buɗaɗɗen baya, ni da yayata. Wata ƙawarta da ke da garka a kwari kusa da Gidigir ta yi mata alkawarin 'ya'yan dabino na dashe. Irin wannan dashe, in an cire shi daga jikin uwa, ba ya jure rana. Dole ya shiga ƙasa kafin ya bushe.

Kafin tafiyar murfin tankin mota ya ɓace mini. Mu mutanen yashi ba ma barin komai a buɗe, sai na ninka leda na ɗaure bakin tam da roba, har ina yaba wa kaina. Esansi kuwa, wato man mota, na kwalba na saya wajen maƙwabcina.

Da sanyin safiya hanya ta yi daɗi. Tuddan yashi hagu da dama, raƙuma suna tsallaka kwalta kamar ta ubansu ce. Amma mun yi nisa kaɗan inji ya soma tari. In na ɗaga ƙafa sai ya yi ta kakkarwa, kamar zai mutu. Muka lallaɓa muka isa.

Kwarin nan ya ba ni sha'awa: kana cikin yashi fari fat, sai ka gangara ka tarar da dabino, rogo da albasa kore shar. Aka tare mu da "wushe, wushe", aka kawo fura mai sanyi da cuku. Albasa ta yi arha har Yaya ta cika buhu. Aka naɗe dashen cikin jiƙaƙƙun buhuna, muka juyo rana tana tsaka.

Nan aka fara. Mota ta mutu. Na kwance buji na goge, na busa karbirato, na kwance ledar na leƙa tanki, akwai mai. Na ɗaure, ta tashi. Can gaba ta sake mutuwa. A nan ne bakina ya ɓaci, Allah ya yafe mini. Na ce maƙwabcina ɓarawo ne, ya haɗa mini esansi da ruwa. Ban bar iyayensa ba ma. Buhunan kuwa sun soma bushewa, Yaya tana yayyafa musu ruwan shanmu.

Da na sake kwance ledar sai ta ce, "Kai, ɗan autan Inna, wannan fuuu da nake ji fa?"

Na ce, "Yaya, ki bar wa maza sha'anin mota."

"To, namiji. Ni dai in zan tsiyaya man gyaɗa daga jarka ban buɗe ƙaramin murfin ba, shaƙewa yake yi. Duk sanda ka kwance ledar nan motarka tashi take. Bujinka ko ledarka?"

Murfin asali yana da ɗan hancin da iska ke shiga. Ni na toshe numfashin tanki, mai ya kasa gangarowa. Na sa ƙayar aduwa na huda ledar, na rufa tsumma saboda yashi. Inji ya daidaita, har Gure bai ƙara tari ba. Yaya kuwa dariya kawai take a mayafi, wadda ta fi zagi ciwo.

Kafin magariba dashen ya shiga ƙasa a garkar Yaya. Ɗaya ya yi yaushi, amma zuciyarsa koriya ce, muna sa rai.

Abin da na koya, in mota ta yi gardama, a fara duba abin da hannunka ya taɓa kafin a taɓa mutuncin wani. Daga garka ban shiga gida ba, wajen maƙwabcina na tsaya na faɗa masa duk abin da na ce. Ya yi dariya ya ce ya yafe nasa, na iyayensa kuma sai na kawo dabinon farko.