Ɗamarar Baba da Gwiwata ta Dama

Har na gama sakandare babu ɗan da ya taɓa kayar da ni a kokawa. Ba cika baki nake yi ba, a je a tambaya. Tun ina aji uku nake sunkutar 'yan aji shida in maka su da ƙasa, kuma in an kai mu gasar makarantu, malaman wasanni na wasu makarantun sai su yi ta inda-inda wajen fitar da wanda zai kama da ni. Gado ne. Babana ya yi zamaninsa a fage, kuma yana da wata ɗamara ta jar fata mai layu a ɗinke, wadda ya karɓa daga hannun nasa uban. Abin da muka tashi muna ji a gidanmu shi ne ba a taɓa kayar da namiji yana ɗaure da ita ba.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, direba ne a Doha. Shi ya nuna wa kafil ɗinsa, wato Balaraben da yake yi wa aiki, bidiyon wasana, mutumin ya tsaya mini har na samu gurbi a wata kwalejin fasaha mai ƙungiyar kokawa. Ran da zan taho, Baba ya kira ni zaure, ya miƙo mini ɗamarar a naɗe cikin tsohon rawani.

"Aro na ba ka," in ji shi. "Kakanka bai durƙusa da ita ba, ni ma haka. Ran da gwiwarka ta taɓa ƙasa kana ɗaure da ita, to ka san ba taka ba ce."

Na ce to Baba, amma a raina dariya nake yi. Wa zai durƙusar da ni? A kokawarmu ta gida magana ɗaya ce: gwiwa ko tafin hannu ya taɓa ƙasa, an gama da kai, sai makaɗi ya juya ganga wajen abokin karonka. Ni kuwa tun da na yi wayo ban san yadda yashin fage yake ji a gwiwa ba.

Ranar farko a kwaleji aka ba ni takalmi da wata matsattsiyar riga da ko a ɗaka zan ji kunyar sawa. Babu yashi, babu kiɗa, sai wata shimfiɗaɗɗiyar katifar roba da sanyin na'ura. Kocinmu wani gajeren mutumin Iran ne mai murɗaɗɗun kunnuwa. Ya haɗa ni da wani ɗan Masar, na dube shi sama da ƙasa na ji tausayinsa. Ana busa usur, ko kama shi ban yi ba, sai ga yaro ya zube a kan gwiwa ɗaya a gabana. Na ce a'aha, tun yanzu? Na ɗaga hannuwana sama, na juya ina neman masu tafi.

Abin da na gani bayan nan fitilun rufi ne. Ashe ƙafafuna ya shigo wa. Ya haɗe su biyu, ya ɗaga ni, ya buga, sannan ya hau kaina ya yi ta juya ni kamar waina a tanda. Ina ƙasa ina ihu, "Ai ya faɗi! Shi ya fara faɗuwa!" Da Hausa nake faɗa don takaici. Koci ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Yalla, maza tashi." Ya bayyana mini cewa a nan durƙuso hanyar shiga ce, kuma ko mutum ya kai ƙasa wasa bai ƙare ba, maki ake ƙirgawa har lokaci ya cika, sai fa in an danne kafaɗunka biyu.

Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Watannin da suka biyo baya babu wanda bai ci rabonsa a jikina ba, har da yaran da ban yarda sun isa su ɗaukar mini jaka ba. A tsaye ba mai motsa ni, amma wa ya ce za su tsaya? Da zarar an kai ƙasa sai in zama buhun gero, domin a garinmu ba wanda ya taɓa koya wa yaro kokawa a kwance. Ga numfashi. Ni na saba in gama da mutum kafin makaɗi ya kai ƙarshen kirari, a nan kuwa sai an yi zagaye na biyu ƙirjina na tafasa. Na tsani wurin. Na tsani yadda wanda ya gama wulaƙanta ka zai miƙo maka hannu yana murmushi, wai wasa ya yi kyau.

Ban ɓoye wa Baba ba. Na kira shi na zayyana masa dokokinsu. Ya ce, "To wannan ai ba kokawa ba ce, birgima ce. Ka yi musu birgimarsu da kayansu. Ɗamarata dai ta zauna a akwati." Haka kuwa aka yi, ban taɓa hawa katifar nan da ita ba.

Ana cikin haka korona ta shigo. Aka rufe kwaleji, kokawa kuwa ita aka fara hanawa, tunda ba a yin ta sai an rungumi juna. Na koma ɗakin Kawu da ke bayan gidan kafil ɗinsa a unguwar Mesaimeer. Koci ya turo mana aiki ta waya, ni nawa guda ɗaya ne tak: shigar ƙafa. Ka sunkuya, ka jefa ƙafar dama gaba, gwiwa ta sauka, ka rungumo ƙafafu, ka miƙe. Akwai wani ɗan lungu tsakanin ɗakin da katanga, nan na shimfiɗa kwalaye nake yi safe da yamma, ni kaɗai, ina rungumar iska. Kawu yakan zauna a bakin ƙofa da takunkuminsa a haɓa yana shan shayi.

"Ɗan nan, wannan wace irin salla ce ba alƙibla?"

"Aikin makaranta ne, Kawu."

"Ikon Allah. Mu da muka zo bauta ma ba a sa mu durƙuso haka ba."

Da farko sai na yi faɗa da jikina kafin gwiwar ta yarda ta sauka, kamar ana tura akuya cikin ruwa. A hankali ta daina gardama. Kafin a buɗe gari ta yi kanta baƙa ƙirin, kuma na kai matsayin da in na ga mutum ya tako da ƙafa ɗaya gaba, ko a layin sayen burodi ne, sai in ji cinyata ta motsa da kanta.

Da aka koma makaranta sai labari ya sauya. Ƙarfina na gida ya haɗu da shigarsu. Ɗan Masar ɗin nan na ɗaga shi na buga har sai da ya kwanta yana kallon fitilun da na taɓa kallo. Na samu wuri a cikin 'yan wasan kwaleji, na ciyo lambar yabo a wata gasa tsakanin makarantu. Na tura wa Baba hoton. Ya ce Allah ya sa albarka, sannan ya tambaye ni ko ina samun tuwo a can. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don na san a wurinsa ban ci komai ba.

Sai ga gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa. Gari ya cika ya batse, aka ba mu hutu, kuma Hausawa suka yi yawa a Doha yadda ban taɓa gani ba: masu gadin da aka ɗebo don filayen wasa, direbobi, 'yan zangon Gana da suka zo mara wa ƙasarsu baya. Wasu suka shirya kokawar gida ran wata Juma'a bayan la'asar, a wani fili mai yashi bayan unguwar leburori ta Asian Town. Har kalangu aka samu wurin wani ɗan Gana. Kawu kuwa shekara da shekaru yana cika wa abokansa baki da ni, don haka ya ce ba fashi, kuma da ɗamara zan fita, zai kira Baba ta bidiyo ya kalla. Ba sai da ya lallashe ni ba. Ni ma so nake Baba ya gan ni sau ɗaya a fagen da ya yarda da shi.

Na ɗaura ɗamarar na shiga fili, aka saki kiɗa. Wanda aka fito mini da shi ma na san shi. Ɗan wata makaranta ne ta kusa da tamu, na sha kayar da shi muna yara, yanzu yana gadi a filin wasa na Al Thumama. Yana ganina ya dafe kai.

"Inna lillahi! Kai ne? Don Allah ka kayar da ni a hankali, gobe ina da aiki."

Mutane suka kwashe da dariya. Wani dattijo direba mai furfura shi ne alƙali. Ya tafa hannu, muka kama. Na ji shi a hannuna, ba nauyi, ba dabara, yadda na san shi. Da na ga dama da na murɗe shi a tsaye kamar dā. Sai ya ja da baya don tsoro, ya bar ƙafar hagu a gaba.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na shige, na haɗe ƙafafunsa, na ɗaga shi sama na shimfiɗe shi a bayansa. Fili ya kaure da ihu. Na miƙe ina huci, ina neman inda Kawu yake da waya, sai na ga mutane sun wuce ni a guje, sun ɗaga mai gadin nan da ke kwance, sun ɗora shi a kafaɗa. Shi kansa waige-waige yake yi, bai gane abin da ya faru ba. Mai kalangu ya juya mini baya.

Na yi kan alƙali. "Baba, wane irin zalunci ne wannan? Kowa ya ga wanda ya sha ƙasa!"

 Da yatsa dattijon ya nuna mini gwiwata ta dama. Yashi ne manne a kanta, fari fat a kan baƙar kanta.

Kawu na tsaye da waya a ɗage, ya ma manta ya sauke. Ya miƙo mini ita ba tare da ya dube ni ba. Baba na zaune a zaure, kuma a bayansa na hango kawunan abokansa, tsofaffin 'yan kokawar da ya tara su zo su ga ɗansa. Na buɗe baki zan yi bayani, cewa ba kayar da ni aka yi ba, ni na sauka da kaina.

"Kakkaɓe gwiwarka," in ji shi. "Ba ni kawunka."

Ina tsaye na ji sauran. "Ka kwance masa ita yanzu. In za ka zo hutu ka taho mini da ita, ƙanensa ya fara tasawa."

A gaban mutane Kawu ya zagaya bayana ya kwance ta. Yana ta cewa, "Khalas, ɗan nan, shi ke nan, yi haƙuri." Ni ban yi haƙuri ba, kuma har yau ban yi ba. An ce in koyi tasu, na zubar da jini da gumi na koya, ita ce kuma ta raba ni da tamu. Ba tsuntsu ba tarko. Wanda ya ci ni bai ko san ya ci ni ba.

Bidiyon ya zaga wayoyi har ya isa wurin koci. Da aka koma makaranta ya rungume ni, ya ce bai taɓa ganin shiga mai tsabta irin wannan ba, a kan yashi ma, ba takalmi. Ya ajiye shi a wayarsa, kuma duk sabbin yaran da suka zo sai ya tara su ya nuna musu, ya tsayar da hoton daidai inda gwiwata ta sauka, jar ɗamarar tana ɗaure a ƙuguna, ya ce su duba da kyau, haka ake yi. Rannan ya tambaye ni me mutanen suke ta ihu a kai, tunda ba ya jin yarenmu. Na ce masa murna suke yi.