Taku Ashirin da Uku na Inna

Ni ne ɗan farin Inna, don haka tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina yaro "wannan" take ce mini. Da na sami aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma na koma "mutumin Gaya". In na shiga ɗakinta gaisuwa sai ta kau da kai ta hau tsintar wake, ko da waken tsintacce ne. Na san kunya ce, kowa ma ya sani, amma wallahi har na fara furfura abin bai daina ci mini rai ba. Nakan tambayi kaina ko zuwana ma yana da wani amfani a wajenta.

Da damina ta zame a tsakar gida a Gafasa, ƙugunta ya bugu. Ta warke, sai dai tafiyar ta ƙi daidaita, tana yi tana tangaɗi. Ita kaɗai ce a gidan tun rasuwar Baba, ƙannena mata duk suna ɗakunansu. Na roƙe ta ta dawo Gaya, ta aiko mini da amsa ta bakin maƙwabciya, wai ba ta ga abin da zai raba ta da ɗakinta ba.

Likitar gashin ƙashi ce ta kawo wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, ta ɗaura mata a ƙugu ƙarƙashin zani. Ta ce za ta riƙa rubuta takun Inna da yadda jikinta ke rinjaya, a gane ko motsa jikin da aka koya mata yana aiki. Inna ta ce tsufa ya kai tsufa, tunda yanzu har ɗan rahoto ake liƙa wa mutum.

Ni kuwa duk Asabar nake zuwa. In hau mota zuwa Ajingi, in kama babur. Kullum a zaune nake tarar da ita, da farantin wakenta. "Ashe an zo," shi ke nan abin da nake samu. In zauna awa biyu ina hira da bango, in tashi. Har na fara shawarar mayar da zuwan wata-wata.

Bayan sati huɗu likitar ta kira ni ofishinta, ranta a ɓace. Ta juyo mini da kwamfuta, ta ce Inna ba ta jin magana. Kwana shida kusan ba ta motsi, daga salla sai kewayawa. Ranar Asabar kaɗai take abin da aka sa ta, tun hantsi: taku ashirin da uku, ta tsaya jim, ta juyo, ta sake, har wajen azahar. Ta ce ranar ma tangaɗin ya fi raguwa, in lallashe ta ta riƙa yin haka kullum.

Da azahar nake isa Gafasa. Na yi wa likitar godiya na fito.

Asabar ɗin da ta biyo, bayan na gaishe da Inna, na fito na tsaya a bakin ɗakinta na fara ƙirge, ina yin gajeren taku irin nata. Na ashirin da uku ya kai ni ƙofar zaure. Daga nan ana hango inda babura ke sauke mutane. A jikin bangon, daidai kafaɗarta, ƙasar ta yi santsi saboda dafawa. Na daɗe a zauren kafin in iya komawa ciki.

Ban taɓa gaya mata na sani ba, da na kunyata ta. Na dai ƙara Laraba a kan Asabar. Ta ce wa maƙwabciyar, ina ji, "Shi wannan ba shi da aikin yi ne?" Wata na gaba kwamfutar ta nuna kwana biyu na motsa jiki, likitar har da yaba wa kanta.

Bara Allah ya yi mata rasuwa, na mayar musu da na'urarsu. Gidan a rufe yake yanzu, amma wata Asabar ɗin nakan je in share tsakar gida. In na sauka daga babur, ƙofar zauren nake fara kallo.